Gishirin Kifin Bitrus

Litinin, 3 ga Mayu 1999, da yamma

Kifin sun iso. Elisha, ƙanen mijina, ya sako su a motar dare daga Legas, su uku cikin leda mai iska, da jarkoki huɗu na ruwan teku. Ni na bar ɗalibaina a aji na je tasha na karɓo, na yi ta rigima da ’yan acaɓa kafin biyu su yarda su ɗauko jarkokin zuwa Gyadi-Gyadi. Ɗaya ta tsiyaye min a zane tun daga hanya.

Shekara uku yayansa yana can inda soja suka tsare shi, Elisha bai taka Kano ba ko sau ɗaya. Yau ya aiko da kifi. Kifin ma wanda ba a ci.

Akwatin gilashin tun kafin aurenmu Bitrus yake da shi, daga wani kwas da ma’aikatarsu ta tura shi Legas. Da suka zo suka tafi da Bitrus, kifin lokacin ba su yi wata ba suka mutu, na kwashe na zubar, na mai da akwatin wurin ajiye littattafan ɗalibai. Tun da aka sako shi a watan Maris bai tambaye ni yadda na riƙe gidan nan ba, bai tambayi yadda ’yarmu Comfort ta shiga makarantar kwana ba. Abu ɗaya ya tambaya, wai ina na kai duwatsun cikin akwatin.

Biyu shuɗaye ne, ba su fi ɗan yatsa ba. Na ukun mai ratsin baƙi da ɗorawa, ya ɗan fi su girma. Bitrus ya ja kujera ya zauna a gabansu tun azahar.

Ya ci tuwo rabin malmala.

Laraba, 5 ga Mayu, bayan na dawo makaranta

Yau ya yi magana mai tsawo, irin wadda ban ji ba tun dawowarsa, kuma duk a kan gishiri. Ruwan Elisha rabin akwatin kawai ya cika. Wai nan da mako biyu dole a riƙa ɗebe wani a zuba sabo, in ba haka ba kashin kifin zai kashe su. Sabon ruwan kuma haɗa shi ake yi da wani gishiri na musamman da ake kawowa daga waje, wanda aka sa masa duk abin da ke cikin teku. Ragowar tsohon nasa da ke ɗakin ajiya ya daskare ya zama dutse, ya yi baƙi.

Na ce ga gishirin miya nan, rabin buhu. Ya ce ba zai yi ba, akwai abin da aka ƙara masa, akwai kuma abin da babu a cikinsa. Na ce mu da muke ci ba mu mutu ba. Sai ya miƙo min wani siririn gilashi mai lambobi da ake sakawa a ruwa ya yi yawo, wai shi ke nuna yawan gishiri. Ya ce in riƙe, in karanta masa. Ni zan riƙa aunawa, ni zan riƙa zubawa, ni zan riƙa juyawa. Ba sai ya faɗi dalili ba, ni ma ban kalli hannayensa ba, inda dalilin yake.

Ashe aikin da nake yi bai ishe ni ba.

Juma’a, 7 ga Mayu, da safe

Babu wuta tun jiya. Na ɗauko batirin motar maƙwabci na jona wa injin kumfar da ke ba kifin iska. Ni fanka ban samu ba.

Lahadi, 9 ga Mayu, bayan coci

Bai je ba. Ni na je, na yi da-na-sani.

Matan zumunta suka kewaye ni a bakin ƙofa, kowace da haƙoranta a waje, wai yaya Baban Comfort, wai Ubangiji ya amsa addu’arsu. Talatu ce kan gaba, wadda a shekarar farko in ta hango ni a kasuwar Tarauni sai ta sauya layi, kada a gan ta da matar wanda soja suka kama. Yau har da riƙe min hannu tana cewa mulkin soja ya ƙare, lokacin yafiya ne, kowa ya manta da baya. Na ce mata na ji, ta sakar min hannu.

Jonathan ma yana nan a kujerar dattawa, cikin sabuwar babbar riga. Garinsu ɗaya da Bitrus, aji ɗaya suka yi tun firamare, shi ya yi masa babban aboki ranar aurenmu. Shi ne shugaban ƙungiyar ma’aikata, Bitrus sakatarensa. Su biyu suka tsaya a gaban ma’aikata ranar nan suka yi magana. Ɗaya aka zo aka ɗauka. Ɗayan aka ƙara masa girma, ya gina gida a Daurawa, yanzu kuma ubangidansa ya ci zaɓe zai tafi da shi Abuja. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ya ishe ni.

Ya ɗago min hannu daga nesa. Na gyara ɗankwalina.

Talata, 11 ga Mayu, da la’asar

Ya zo har gida. Ban san wanda ya gaya masa maganar kifin ba, amma na fi zargin Elisha.

Ina wanke-wanke na ji mota ta tsaya. Direbansa ya sauko da wani farin bokiti mai murfi, da hoton kifi a jiki, ko hatiminsa ba a ɓalle ba. Jonathan ya tsaya a ƙofa yana cewa matarmu, matarmu, kamar jiya muka rabu. Wai ya sa an sayo masa a Legas daga wurin masu kawowa daga Turai, irin wanda Bitrus yake amfani da shi a da, ya tuna sunan. Wai zai isa wata shida. Yana magana yana leƙen bayana.

Na ce Baban Comfort yana barci. Ya ce to a shigar da bokitin.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka mai da kayanka. Gidan nan mun saba da rashi.”

Ya tsaya yana murza makullin da ke hannunsa, ya ce, “Janet, akwai abubuwan da ba ki sani ba.” Na ce haka ne, kuma ba a bakin ƙofa zan koye su ba. Direban ya mai da bokitin but ɗin motar, suka tafi.

Da na shiga falo Bitrus yana gaban akwatin, idonsa biyu, taga a buɗe. Bai ce komai ba. Na koma wanke-wankena.

Laraba, 12 ga Mayu, da yamma

Bai ce komai ba.

Asabar, 15 ga Mayu, da azahar

Na yi yawon neman gishiri kamar mai neman maganin ɗan da ke kwance. Manyan kantunan hanyar gidan zu duk na shiga, wasu suka yi min dariya, wani ya miƙo min gishirin tebur a kwalba. A kemis aka ce sai dai na wanke ciki. Wata tsohuwa da ta ji ina tambaya ta ce in haɗa manda da kanwa, wai haka ake yi wa dabba. Ƙarshe aka kwatanta min wani Malam Isyaku a Unguwa Uku, mai sai da tantabaru da kanari da jajayen kifin nan na ado.

Mutumin bai ɓoye min komai ba. Ya ce shi kifin ruwan daɗi ya sani, na teku bai taɓa riƙewa ba. Amma akwai wani buhu da direban tirela ya bar masa, gishirin da mutanen bakin teku suke shanyawa da kansu, bai shiga kamfani ba. Ya buɗe min. Manyan ƙwayoyi ne, launin toka, da ɗan danshi, buhun kuma tsoho ne an juya cikinsa waje. Ya ce bai san abin da aka fara zubawa a buhun ba, kuma da shi ne da ya nemi na kwali. Na ce daga teku dai ya fito ko? Ya ce haka aka gaya masa. Na ce ya auna min kwano uku.

Har na hau acaɓa yana cewa Malama a fara gwadawa a roba.

Ina tafe ina jin daɗi, ban san rabon da in ji irinsa ba. Teku ne ya bushe, za mu mai da masa ruwansa. Wane Bature ne zai fi teku sanin abin da ke cikin teku?

Litinin, 17 ga Mayu, da la’asar

Mun gwada a babbar roba. Na zuba, na juya da muciya har kafaɗata ta gaji. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, da ya kwanta kuma sai ga laka ja a ƙasa da ’yar kumfa a sama. Na tace da farin ƙyalle sau biyu. Na saka gilashin awon, ya tsaya daidai kan layin da Bitrus yake so.

Na ce to ga shi. Ya ce gilashin yawan gishiri kawai yake faɗa, ba ya faɗin abin da ya biyo gishirin. Wai in ruwan teku ya bushe akwai abubuwan da ba sa komawa yadda suke ko an jiƙa. Na tambaye shi ko yana da wani gishirin da ya fi wannan a gidan nan. Ya dube ni, na dube shi. Na so ya faɗa. Da ya ambaci sunan mutumin nan da yau mun yi ta ta ƙare, da na ji abin da shekara uku nake son ji. Sai ya ce a bar ruwan ya kwana biyu tukuna.

Ya ci shinkafa, ya bar naman.

Laraba, 19 ga Mayu, da rana

Zafin yau ko kare bai fito ba. Ruwan akwatin ya ja baya, ya fara yin ɗorawa, falon yana wani ƙarni. Mai ratsin yana ta hawa sama yana buɗe baki. Bitrus ya ce ba za a ƙara jira ba.

Na ɗebe bokiti ɗaya na tsohon, na zuba na Malam Isyaku a hankali ta kan faranti kamar yadda ya ce. Yana tsaye a bayana yana cewa a hankali, a hankali, har na ce masa in ya fi ni iyawa ya karɓa. Ya koma ya zauna. Bai kamata in faɗi haka ba, amma na faɗa, kuma shi ma ya san ba ni na sa aka kawo kifin ba.

Juma’a, 21 ga Mayu, da safe

Ruwan ya yi hazo. Mai ratsin ya maƙale a bayan dutse, bai fito cin abinci ba. Shuɗayen suna goga jikinsu da yashi.

Rediyon maƙwabta tun asuba maganar miƙa mulki, wa zai zo, wa zai zauna a ina. A ɗakin malamai ma haka. Wani malamin tarihi da bai taɓa buɗe baki ba lokacin da ake kama mutane yau shi ne yake bugun tebur, wai mun yi gwagwarmaya mun ci nasara. Na kwashi littattafaina na koma ƙarƙashin bishiya na duba aikin ɗalibai.

Asabar, 22 ga Mayu, da hantsi

Mai ratsin ya mutu.

Asabar ɗin dai, da yamma

Ni na cire shi da ludayi. Bitrus ya ce kada in jefa a kwata, na tona rami a gindin zogale. Ina tonawa ina zagin Elisha, ina zagin direban tirela, ina zagin kifin da kansa da ya bar teku guda ya zo mutuwa a Gyadi-Gyadi. Malam Isyaku ne kawai na rasa abin da zan zage shi da shi.

Bai ci komai ba.

Litinin, 24 ga Mayu, bayan na dawo makaranta

Bai ci komai ba. Kunun da na bari da safe yana nan ya yi fata. Ya daina zama a kujera, a ƙasa na same shi, bayansa a jikin bango, gwiwoyinsa a ƙirji, irin zaman da yake yi a makon farko. Na tsani zaman nan. Ba a gidana ya koye shi ba.

Ƙaramin shuɗin yana kwanciya a gefe ɗaya, sai ya yunƙura ya tashi, ya sake kwanciya. Na aika wa Elisha saƙo ta wayar ofishin shugaban makaranta, aka ce ya tafi Fatakwal sai wani watan.

Fasto ya zo da yamma ya yi addu’a mai tsawo, ya ce wa Bitrus namiji ba ya karaya a kan kifi. Na raka shi ƙofa tun kafin ya gama shan ruwansa.

Laraba, 26 ga Mayu, da la’asar

Na kawo masa fate na ajiye a gabansa, na ce in ba zai ci ba ya gaya min in daina ɓata gawayi. Na ce mutum ya fito da ransa daga inda wasu ba su fito ba, ya zo zai kashe kansa saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba. Na ce ’yarsa za ta dawo hutu, me zan nuna mata? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Maman Comfort, na ji lokacin da kika kore shi. Ki je ki karɓo bokitin nan.”

Na ce ko gawata ba za ta shiga gidan Jonathan roƙo ba.

Ya ce, “Ba roƙo ba ne. Ni na biya gishirin nan tuntuni.”

Na tsaya ina jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Na tambaye shi kai tsaye, karo na farko, ko Jonathan ne ya sa aka kama shi. Ya juya yana kallon akwatin. Na ɗauke faten na kai kicin na kife tukunyar da ƙarfi har murfin ya lotse.

Alhamis, 27 ga Mayu, da safe

Ba zan je ba.

Juma’a, 28 ga Mayu, da yamma

Ba zan je ba. Babban shuɗin ma ya daina ci. Shi kuma ruwa kawai ya sha.

Asabar, 29 ga Mayu, da magariba

Na je.

Na zaɓi yau ne don na ɗauka kowa yana gaban talabijin, zan same shi shi kaɗai. Ashe rumfa aka kafa a ƙofar gidan, motoci har bakin titi, an fito da talabijin waje da janareta ana kallon rantsuwa. Rabin cocinmu yana wurin. Talatu tana rabon shinkafa da leshi a jikinta. Ni kuma da zanen da na yi shara da shi, don da gangan ban sauya ba.

Aka yi tafi lokacin da sojan ya miƙa wa farar hula mulki, mata suka yi guɗa, a daidai lokacin na ratsa tsakiyarsu. Jonathan ya hango ni ya taso da sauri, ya ja ni zuwa baranda. Ban gaishe shi ba. Na ce na zo ɗaukar bokitin. Ya ce yana nan, bai taɓa shi ba, ya san za a nema. Wannan kalmar ta ƙarshe ta ƙona ni fiye da komai.

Ya aika direba ya ɗauko. Kafin a kawo ya rage murya, ya ce Lahadi ta sama zai yi godiya a coci kafin ya tafi Abuja, kuma babu abin da zai fi faranta masa rai kamar Bitrus ya tsaya kusa da shi a gaban bagade, jama’a su gani, bakin masu magana ya mutu. Ya ce ba sharaɗi ba ne. Ya faɗa har sau biyu cewa ba sharaɗi ba ne. Na ce zan gaya masa.

Ya ce direba ya kai ni. Na ɗora bokitin a ka na fita ta gaban rumfar, kowa yana kallo, na tari acaɓa a bakin titi. Nauyinsa ya kusa karya min wuya.

Da na shigo da shi Bitrus ya tashi daga ƙasa. Na ɓalle hatimin da wuƙa. Fari ne tas, laushi kamar garin madara, ba wari. Na zuba a roba, ban juya sau goma ba ya narke, ruwan ya zama kamar ba a sa komai ba. Na ji haushin kyansa.

Na gaya masa saƙon Jonathan ina jiran ya tofar. Ya ce zai je.

Litinin, 31 ga Mayu, da yamma

Jiya mun sauya bokiti biyu, yau ɗaya. Wai ba a yi gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan. Ragowar gishirin Malam Isyaku na zuba a bayan gida inda ciyawa ta dame ni.

Ya sha kunu. Ban yi masa magana ba tun Asabar, sai abin da ya shafi awo.

Laraba, 2 ga Yuni, da safe

Hazon ya washe. Babban shuɗin ya ci. Ƙaramin ya miƙe, amma jelarsa ta yage, a karkace yake iyo.

An yi ruwan farko jiya, ɗan yayyafi. Ya ce in goge masa rigarsa mai gajeren hannu don Lahadi. Na ce mai dogon hannun tana nan a goge. Ya ce mai gajeren.

Lahadi, 6 ga Yuni, bayan coci

Cocin ya cika har waje. Jonathan da iyalinsa suka yi rawa zuwa gaba da buhunan shinkafa da akuya, ’yan kwaya suna waƙa. Fasto ya yi wa’azi a kan ’yan’uwa da suka zauna tare cikin salama, sannan ya kira Bitrus da cikakken sunansa. Na ƙi tashi. Na zauna a bencin baya na riƙe jakata da hannu biyu.

Tun da ya dawo, in zai fita hannayensa suna aljihu ko cikin riga. Mutanen cocin nan ba wanda ya taɓa ganin abin da aka yi musu a can. Yau ya taka tsakiyar coci da su a waje, a hankali, ba ya sauri. Na ga kawuna suna juyawa layi bayan layi. Mai ganga ya rasa kiɗansa.

Jonathan ya miƙo hannu yana murmushi, mai hoto ya durƙusa ya saita. Bitrus ya ɗaga nasa duka biyun, ya riƙe su a sama tsakaninsu, inda kowa zai gani. Makirufo yana kusa, don haka har mu na baya mun ji.

Ya ce, “Sai dai ka kama da kanka, Jonathan. Ba sa rufuwa.”

Ban san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Jonathan ya kalli hannayen, murmushin yana nan a fuskarsa amma babu kowa a bayansa. Ƙarshe ya kama na daman da yatsu biyu, kamar mai taɓa abu mai zafi. Mai hoton bai ɗauka ba. Fasto ya ce a yi waƙa, ’yan kwaya suka fara a muryoyi daban daban. Bitrus ya juyo ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ce in mun fita mu biya kasuwa, yana son kifi busasshe a miya.

Talatu ta tare ni a ƙofa idonta jawur, ta buɗe baki. Na wuce.

Ya ci malmala biyu.

Litinin, 7 ga Yuni, da magariba

Na dawo makaranta na tarar da Jonathan a falona. Babu mota a waje, babu direba, babu babbar riga. Yana zaune a kujerata, Bitrus a tasa, dukansu suna fuskantar akwatin. Na tsaya a ƙofar kicin ina jira in ji. Wannan karon na ce zan ji.

Injin kumfa yana ta ƙararsa, ƙaramin shuɗin yana zagaya dutse a karkace. Sau ɗaya Jonathan ya share fuska da hularsa. Sau ɗaya ya tambaya ko su biyu ne dama, Bitrus ya ce su uku ne. Har aka kira sallar magariba a masallacin bayanmu suna nan, sannan ya tashi, ya ce min matarmu sai da safe. Ko ruwa ban ba shi ba.

Na tambayi Bitrus me ya zo yi. Ya ce kallon kifi. Na ce ya ba ka haƙuri? Ya ce a’a. Na ce ka yafe masa? Ya ce bai sani ba tukuna. Ya ce tafiyar Abujan sai ƙarshen wata, kuma Jonathan zai dawo ranar Laraba da rana, lokacin sauya ruwa, shi zai ɗaga bokitin tunda kafaɗata tana ciwo.

Laraba ina makaranta har la’asar. Zan dafa wa Baban Comfort shayinsa a fulas kafin in fita, in ajiye masa kofi ɗaya. Sauran kofunan zan kulle su a kabad, in tafi da makullin.